Gangar da Baba Direba Ya Ji a Bayansa

Mai girma shugaban wannan taro, shugabar cibiyarmu ta koyon sana'a, malamai abokan aikina, manyan masu gareji da suka rufe shagunansu suka zo, iyaye maza da iyaye mata, ɗalibanmu da ake yayewa yau, da sauran jama'ar da suka cika wannan fili har bakin ƙofa, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina gode wa Allah da ya nuna mana wannan rana. Ina gode wa iyayen da suka jure ganin rediyon gidansu a warware a kan tabarma da sunan gwaji, ina kuma gode wa masu garejin da suka ba mu aron tsofaffin motoci, suka karɓe su ba tare da tambayar ina wani noti ya shiga ba.

An ce in yi magana kan zaɓen amfilifaya mai sauƙin kuɗi da haɗa ta da wufa, wato babbar lasifikar nan mai fitar da rugugin ganga a mota. Zan fara da ruɗanin da kusan kowa ke shigowa ajina da shi. Mutum ya shiga shago, ya ga kwali mai sheƙi an rubuta wat dubu uku da manyan haruffa, sai zuciyarsa ta ce ai wannan ita ce. Jama'a, wannan lamba ta talla ce. Ƙarfin da na'ura ke iya kaiwa ne na ƙiftawar ido, in ma tana kaiwa. Ƙarfin da za ta riƙe tun daga farkon waƙa har ƙarshenta yana can gefen kwali da ƙananan haruffa, kusa da inda aka rubuta RMS, kuma shi ne abin dubawa.

Sai dai ba zan jero muku darasi a bushe ba, domin akwai wadda ta yi aikin nan a gabana, kuma tana zaune a layin gaba tana sunkuyar da kai. Ita ce muke kira Auta. Mahaifinta ga shi can da farar hula, wanda duk tasha ta sani da Baba Direba. Ku ɗaga masa hannu sosai, don sunansa da na kira bai kai kunnensa ba.

Baba Direba mutum ne mai son kiɗa. Da shi yake tuƙi tun yana saurayi, yana buga sitiyari da yatsu. Da shekaru suka ja, ƙarar inji ta ci kunnensa. Yana jin hon, yana jin fasinja in ya ɗaga murya, amma waƙa ta koma masa kamar hirar maƙwabta ta bayan katanga. Wata rana ya kashe rediyon motar, bai sake kunnawa ba. Auta ta zo ta same ni bayan aji, ta tambaye ni ko gaskiya ne ana jin wufa a jiki, ba a kunne kaɗai ba. Na ce mata gaskiya ne. Ta ce to tana so ta mayar wa babanta gangarsa.

Matsalar ita ce Baba ya rantse babu mai taɓa masa wayar mota. Yana da hujja. Ya taɓa tsayawa yana kallo motar abokinsa ta ƙone ƙurmus saboda wani ya ja waya daga batir ba tare da fis ba, ɗan abin nan da ke katse wuta in ta yi yawa. Motar nan kuwa ita ce abincin gidan. Da Auta ta kai masa maganar, ya ce mata, da muryar nan tasa da ake ji har ƙarshen layi: “Ke da kika koyi riƙe filaya jiya? In kina son kiɗa, ga bokiti can, ki buga.”

Mahaifiyarta ce ta shiga tsakani. Ta yi ta bi da shi a hankali, har ya yarda bisa sharaɗi guda: zai zauna a wurin, kuma duk wayar da bai gane amfaninta ba, a cire ta.

To, ga yadda aikin ya tafi, ɗalibai, kuma ku riƙe shi.

Na farko, zaɓe. A shago an miƙo wa Auta irin kwalin nan mai wat dubu uku. Ta juya na'urar ta duba fis ɗin da ke jikinta, ta ga lamba ashirin. Wutar mota, idan inji na aiki, ba ta wuce bolt goma sha huɗu da wani abin kirki ba. Ashirin sau goma sha huɗu, ɗari biyu da tamanin ke nan. Na'urar da ba za ta iya shan fiye da haka ba, ina za ta samo dubu uku ta bayar? Da ta yi wa mai shagon wannan lissafi, ya yi dariya ya tambaye ta wa ya aiko ta. Daga nan ya jawo wata ƙarama daga ƙasan kanta, mai hanyar fitar da sauti guda ɗaya, wadda aka yi domin wufa kawai, ba ta da ado, amma abin da aka rubuta a jikinta ya yi daidai da fis ɗinta. Ta duba ƙarfin wufarta, ta duba om ɗinta, wato nauyin da lasifika ke ɗora wa amfilifaya, ta tabbatar na'urar za ta iya ɗauka ba tare da ta yi zafi ta ɗauke ba. Araha ba laifi ba ce. Laifin shi ne ka sayi rubutun kwali ka bar abin da ke ciki.

Na biyu, waya. A nan ne masu neman sauƙi suka fi cutar kansu. Akwai wayar da za ka gani da kauri kamar yatsa, ka feɗe ta ka tarar roba ce ta yi yawa. Akwai wadda aka shafa wa jan ƙarfe a sama, ka kankare ka ga fari a ciki, ka ɗaga ka ji ba nauyi. Ku rage kuɗi a kan ado, kada ku rage a kan waya.

Na uku, kuma shi ne wanda nake so ko kun manta sunana kada ku manta da shi: fis a kusa da batir. Ranar aikin, Baba ya kawo kujerarsa ya dasa a gaban bonet, ya harɗe hannu. Auta ta fara cire kan batir na baƙar waya, kamar yadda aka koya mata, sannan ta ɗauko jar waya ta sa mata fis, tazarar da ba ta wuce tsawon tafin hannu biyu daga batir ba. Baba ya ce a tsaya. Ya karɓi fis ɗin, ya juya shi, ya tambayi aikinsa, alhali akwai wani a jikin na'urar. Ta matsa kusa da kunnensa ta ce: “Baba, wancan na'ura yake tsaro. Wannan motarka yake tsaro. In waya ta goge ta taɓa ƙarfe, shi zai mutu, mota ta tsira.” Ya sake duba ɗan abin nan a tafinsa. Sannan ya ce da motar abokinsa na da irinsa, da yanzu tana kan hanya. Ya miƙa mata, ya ja kujerarsa baya kaɗan.

Sauran aikin ya bi a natse. Inda waya ta ratsa ƙarfe zuwa cikin mota, ta sa mata zoben roba don kada ta yanke. Wayar da ke komawa jikin mota ta yi ta gajeriya, ta kankare fenti har ƙarfe ya yi sheƙi kafin ta ɗaure noti. Da Baba ya ga ana kankare masa fenti sai da ya dafe ƙirji, Mama, mahaifiyar Auta, ta ce ya kwantar da hankalinsa, ƙarƙashin kafet ne, ko surukai ba za su gani ba. Wayar sauti ta bi gefe guda, wayar wuta ta bi ɗaya gefen, don kada a riƙa jin kukan inji a cikin waƙa. Akwai wata siririyar shuɗiyar waya, ita kuma ta haɗa ta da rediyo, domin amfilifaya ta kwanta idan an kashe, kada a wayi gari batir ya mutu. Ta kafa na'urar inda iska ke ratsawa, ta ajiye akwatin wufa a bayan kujerar direba, ya jingina da ita. Maɓallin da muke kira gen kuwa, ta tuna ba na ƙara murya ba ne, na daidaita rediyo da amfilifaya ne. Ta murɗa a hankali har sauti ya fara gurɓata, sai ta dawo da shi baya.

Da aka gama, Baba bai nemi waƙa ba. Makulli ya fara murɗawa. Mota ta tashi. Ya kunna fitila, ya danna hon, ya fito ya shinshina bonet ko zai ji ƙauri. Sai da ya gamsu ya koma ya zauna, Auta ta sa masa tsohuwar waƙar da yake so.

Jama'a, ina tsaye a bakin tagar motar. Na ga kafaɗarsa ta motsa. Na ga yatsunsa sun sauka a kan sitiyari, sun fara bugawa, kuma ba su kuskure ko sau ɗaya ba. Ya juyo ya dubi 'yarsa, ya ce: “Auta, a bayana nake jin ta. Ganga ce, wallahi, har cikin haƙarƙarina.” Sai ya ce a rufe masa ƙofa, muna cika shi da surutu.

Yanzu ƙarar da Mama ta kawo mini ita ce, in ya dawo daga aiki ba ya shigowa gida. Sai ya zauna a mota a ƙofar gida, abinci na hucewa, sai an aika a buga masa gilashi. Na ce mata wannan kam ba ya cikin abin da muke gyarawa.

Ɗalibaina, ku lura da abu guda. Ba a ƙure murya a motar nan ba. Ana hira a ciki, ana jin hon na waje. Kunnen da kuke da shi yau ku tattala shi, ku tattala na maƙwabta, domin ba a sayar da shi a shago.

Motar tana nan bayan rumfa, Baba kuma ya ba da izini, wanda ba ƙaramin abu ba ne. Idan an tashi, kowa ya je ya zauna a kujerar direba ya jingina bayansa ya ji da kansa. A kan teburin da ke gefe na ajiye batir, da waya, da fis, da amfilifaya. Duk mai sha'awa, yaro ko babba, ya zo ya haɗa da hannunsa, Auta za ta tsaya a kansa. Sharaɗin Baba dai ɗaya ne: kada wanda ya canza masa waƙa.

Allah ya sa albarka a hannuwan waɗannan yara, ya tsare motocin da za su taɓa da mutanen da ke cikinsu. Allah ya saka wa iyaye da malamai da alheri, ya ƙara wa Baba Direba lafiya, ya mai da kowa gidansa lami lafiya.

Na gode.