Ƙarfen da ya wanke Inna

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, 'yan'uwa maza da mata, da ku 'yan lakwal, 'yan makarantar boko, da kuka zo hutu. Sunana Mati, daga wani ƙauye kusa da Yekuwa. In kun ji muryata ta hau ku gafarce ni, har yau in na tuna abin nan raina ɓaci yake.

Zamanin aikin tilas aka kwashe mu fasa dutse a hanyar Magariya. Wata rana bakin guduma ya ɓantare, wani abu ya soke ni a cinya. Na nuna wa gardi mai tsaronmu jini, ya ce in ɗaure da tsumma in koma aiki. Wurin ya rufe, na manta da shi, har na yi aure na haifi 'ya'ya.

Sai wata damina cinyar nan ta kumbura. Wanzami ya yi ƙaho, ya yi sakiya, ba sauƙi. Boka ya zo ya tsotsi wurin, ya tofar da ƙayar kifi a ƙwarya, ya ce ga abin da aka jefe ni da shi. Ya tafi da zakarana, ciwo ya zauna daram.

Zazzaɓi ya kwantar da ni, ban san inda kaina yake ba. Aka ce ina ta kiran, "Inna, Inna!" To ku faɗa mini, wane ne a ɗakin nan jikinsa zai ɗau wuta bai kira uwarsa ba? Amma kun san al'adarmu: wanda mara lafiya ya ambata cikin zafin ciwo, shi ake cewa ya kama kurwarsa. Baffana Nomau, ƙanen ubana, ya fita tsakar gida ya ce, "Kun ji da kunnenku! Ya faɗi mayyar da bakinsa."

Matar da ta goya ni! Matar da ta jiƙa tsumma tana shafa mini goshi!

Matata ce ta ba ni labarin sauran. Suka shimfiɗe ni a tabarma, gari ya taru, suka ce sai Inna ta tsallake ni ta saki kurwata. Inna ta ce, "Nomau, ɗana ne fa." Ya ce, "Shi ya sa namansa ya fi miki daɗi." Tsohuwa ta tattare zaninta ta tsallake ni a gaban surukanta da jikokinta. Da ban warke ba suka ce ta ƙi saki. Mata suka hana ta guga a rijiya, suna janye 'ya'yansu in ta wuce. Ta ɗaure ƙunshinta ta tafi Guci wurin ƙanwarta.

Da hankalina ya dawo na ce ƙarya ne, wallahi ƙarya ne! Suka ce kun ji ko, har bakinsa ta riƙe.

Ana haka Malam Iliya ya shigo, mai wa'azin bishara da ke zagaya ƙauyukanmu a kan jaki. Dā ni ma dariya nake masa. Ya ce, "Mati, mu roƙi Yesu ya warkar da kai." Na ce, "Malam, ƙafa in za ta tafi ta tafi. In Yesun nan naka yana ji, ya wanke mini uwata." Ya durƙusa a ƙasa ya ce, "Ya Ubangiji, kai mai ganin abin da ke ɓoye, ka fito da shi fili." Na ce amin, ina kuka.

Malam Iliya ne ya sa ni a motar gyaɗa har asibitin Damagaram. Aka kwantar da ni ƙarƙashin injin ɗaukar hoton ƙashi. Tafintan lokotoro, wato likita, ya ce kada in motsa. Ya ce wani haske ne da ido ba ya gani: yana ratsa nama ya wuce, ƙashi ya tare shi kaɗan, ƙarfe kuwa ya tare shi gaba ɗaya. Ku 'yan lakwal kun fi ni sanin wannan. Ni dai ban ji ko cizon sauro ba.

Lokotoro ya ɗaga hoton a taga. Ga ƙashin cinyata, a gefensa kuma ga wani abu fari tas kamar ƙwayar wake. Ya ce, "Ƙarfe ya taɓa shiga jikinka?" Sai na tuna guduma. Halleluya! Suka sa ni barci, suka tsaga daidai wurin ba lalube, suka ciro shi, suka bi ni da allurai har kumburi ya saɓe.

Na roƙa suka ba ni hoton da ƙarfen. Da na koma gida na tsaya a bakin rijiyar nan, na ɗaga hoton a rana, na ce, "Ga mayyarku!" Kowa ya leƙa. Baffa Nomau ya duba ya ce, "To, Allah ya kyauta," ya juya. Shi ke nan fa! Mutanen da suka taru don su kunyata ta, ko ɗaya bai ce a je a ɗauko ta ba.

Na tafi Guci da ƙafata. Na tarar da Inna tana sussuka, ta rame. Da ta gan ni sai ta ja da baya ta ce, "Tsaya nan, Mati. Kada ka matso in ƙara cutar da kai."

'Yan'uwa, sun faɗa sun faɗa har ita ma ta yarda.

Na kama hannunta na sa mata ƙarfen a tafi, na ba ta labarin guduma da hoton. Ta daɗe tana jujjuya shi. Sannan ta ɗago ta ce, "Ashe ba ni ba ce?"

Na ce, "Ba ke ba ce, Inna."

Ranar ta dama mini fura da hannunta, na shanye.

Na gode wa Yesu da ya ba ni ƙafa, na fi gode masa da ya ba ni uwata. Wanda aka ɗora wa abin da bai yi ba, ya dogara gare shi, yana ganin har cikin ƙashi. Ga ƙarfen nan, a zagaya da shi kowa ya taɓa. Ga kuma Inna can zaune a layin mata, ku matsa kusa da ita. Amin.