Kunyar Ɗan Fari a Tsakiyar Kogi

Salamar Ubangijinmu Yesu Almasihu ta zauna tare da ku, iyayena da 'yan'uwana. Yabo ga Ubangiji!

Sunana Hannatu, matar Iliya, muna zaune a unguwar Yantala, nan Niamey. Wasunku sun san ni a zumuntar mata, ni ce mai zama can baya kusa da taga. Na tashi yau in ba da shaida a kan ɗana Dauda. In kun ji muryata ta yi zafi ku yi mini haƙuri.

Tun ina budurwa ni mai karanta littattafan soyayya ce, irin waɗanda ake shimfiɗawa a kasuwa kusa da masu turare. A cikinsu na ga miji ya ɗauki matarsa a farin jirgin ruwa, iska na wasa da mayafinta, rana na faɗuwa ja a kan ruwa, shi kuwa ba ya kallon komai sai idanunta. Da wannan hoton a zuciyata na yi aure. Maigidana mutumin kirki ne, yana aiki a wani biro, wato ofis, a unguwar Plateau, amma shi iyakar soyayyarsa ya shigo da tsire a takarda ya ce, "Ci tun da zafi." Na dame shi da zancen jirgi har ya gaji da ni.

Da vakansin Nowel ya zo, wato hutun Kirsimeti, Dauda ya cika shekara biyu ke nan, sai ya shigo yana murmushi ya ce, "Sheri, haɗa kaya. Na kama mana jirgi."

Jirgi ne mai inji da rumfa. Zai ɗauke mu daga Niamey mu haura kogi, mu wuce Tondibia, mu kwana a wasu ɗakunan baƙi a bakin ruwa, kashegari mu dawo. Na yi ta tsalle kamar yarinya! Na kai wa tela yadi ɗaya ya ɗinka mana mu uku, shuɗi mai fararen furanni.

Da safe muka isa bakin kogi. Me zan gani? Ga Inna, mahaifiyar maigidana, wadda ta zo mana Nowel daga wajen Maradi, ta riga ta shimfiɗa tabarma a tsakiyar jirgin. Ga yayarsa, Yaya Tabita, da 'ya'yanta. Ga 'yan'uwa, ga tukwane, ga gilasiye, akwatin ƙanƙara, cike da lemo, har da zabo mai rai an ɗaure masa ƙafa.

Na dubi maigidana. Ya sosa ƙeya ya ce, "Jirgin babba ne, ai asara ce mu tafi mu uku."

Na haɗiye. Muka shiga jirgi.

Mai jirgin, wani dattijo Bazabarme, ya rarraba rigunan kariya, jile ɗin nan masu ruwan lemo. Duk na manya ne, babu na yaro. A lokacin nan kun san yadda kogi yake, cike taf, ruwan na gudu kamar ana korarsa. Dauda kuwa ba ya zama wuri ɗaya, ƙafarsa kamar da inji. Sai na zaro zane zan goya shi.

Inna ta ce, "Ke amarya, me za ki yi?"

Na ce, "Inna, goya shi zan yi, ruwan da yawa."

Yaya Tabita ta tuntsire da dariya. "Oh ni! Matan Niamey! Ɗan fari ne fa. A gaban Inna za ki manne shi a baya kamar wadda aka ce za a ƙwace mata? Saura ki kira sunansa mu ji."

Inna ta miƙo hannu ta ce, "Kawo mini maigidana nan. Mu da muka raini ubansa ba za mu kasa da shi ba. Je ki ki ga shinkafa."

Kun san al'adarmu. Uwa ba ta rawar jiki a kan ɗan fari, ba ta kama sunansa a gaban surukai, ko faɗuwa ya yi sai ta kawar da kai wani ya ɗaga shi. A ɗakinmu, in mu kaɗai ne, ina kiran ɗana da sunansa, ya sheƙo da gudu ya faɗa jikina. Amma a gabansu ni mai kunya ce. An yabe ni a kan haka tun ranar da aka kawo ni.

Na duba wajen maigidana ko zai ce wani abu. Yana can yana gyara telefon zai ɗauki foto.

Na koma bayan jirgi kusa da inji, cikin sabon ɗinkina, ina zuba shinkafa a faranti, hayaƙin mai na shiga mini hanci. Wannan ne farin jirgina! Ina hangen Dauda yana yawo daga cinya zuwa cinya. Inna ta gaji ta miƙa wa Yaya Tabita, Yaya Tabita ta miƙa wa 'yarta, 'yar ta maido. Na sake tasowa in karɓe shi da sunan zan ba shi abinci, Yaya ta ce, "Miƙo farantin, hannunmu ba guntaye ba ne."

Mun wuce Tondibia kaɗan sai wani ya yi ihu, "Dorina! Ga dorina can!"

Kowa ya miƙe. Duk suka ruga gefe ɗaya, telefon a sama, jirgin har ya karkata. Mai jirgi na faɗa da Zabarmanci a zauna, babu mai jinsa. Yaya Tabita da ke riƙe da ɗana ta dire shi a ƙasa ta ɗaga telefon ɗinta. Kowa na zaton yana hannun wani.

Ni kaɗai na gan shi. Yana ɗaya gefen, ya taka buhun gawayi, ya ɗora cikinsa a bakin jirgin, yana miƙa hannu zai kamo wani ganye da ruwa ya ɗauko.

'Yan'uwa, da na kira shi da ya waiwayo. Na san ɗana. Na buɗe baki, amma abin da aka koya wa harshena shi ya fito. Na ce, "Yaya, yaron nan!"

Yaron nan! Cikin ladabi, a ƙarƙashin ƙarar inji!

Na ga tafin ƙafafunsa biyu a sama. Sai ruwa.

Ban san lokacin da na watsar da tukunya ba. Da ba a riƙe ni ba da na bi shi, ni da ban iya iyo ba. Mai jirgin ya kashe inji ya faɗa da kayansa. Ruwan nan ja ne, ba a ganin komai a ciki. Ya nutse, ya taso hannu wofi. Ya sake nutsewa. Inna ta ɗora hannu a ka. Maigidana ya durƙusa yana cewa "Yesu, Yesu," ba ya iya ƙara kalma. Can ƙasa da jirgin dattijon ya ɓullo, riƙe da shuɗiyar riga mai fararen furanni.

Da aka shimfiɗa shi leɓunansa sun yi toka. Mai jirgi ya juya shi, ya danna, ya hura masa a baki. Sai ruwa ya fito ta hanci, ya yi wani ɗan kuka kamar na mage. Dattijon ya dube ni ya ce, "Kala suuru, sai haƙuri, madam. Gidan likita, yanzu-yanzu."

Muka juya zuwa gaɓa, muka samu mota, muka kai shi gidan likita. Lokotoro ya ce ruwan kogi ya shiga huhunsa. Aka sa masa robar iska a hanci. Kashegari zazzaɓi ya rufe shi, ƙirjinsa na shiga yana fita kamar zugazugi, idonsa a rufe. Na tambayi lokotoro zai tashi? Ya ce suna yin abin da za su iya. Ya faɗa yana kallon bango.

Ba zan ɓoye muku ba, ban yi addu'a ba. Na ƙi. Fushi nake yi da kowa. Ina fushi da Yaya Tabita da dariyarta. Ina fushi da maigidana, wanda zai iya cewa "ku bar ta ta goya ɗanta" amma ya zaɓi foto. Ya zo zai taɓa kafaɗata na ce, "Kada ka soma." Kuma ina fushi da Allah. Na ce a raina, Kai da Ka yi kogin, Ka yi dorinar, ba Ka ga lokacin da za ta fito da kai ba sai wannan?

Abin da ya ƙarasa ni kuwa, ko a can kunyar ta biyo mu. Mutum ɗaya ake bari ya zauna a bakin gado. Inna ta zauna. Da na leƙo sai ta ce, a hankali, hawaye a fuskarta, "Amarya, je ki waje ki huta. Kada mutane su ce kin rasa dauriya a kan ɗan fari."

Mutane! Ɗana na kokawa da numfashi, ana maganar mutane!

Na fita na zauna a benci ina huci. A nan Mama pasto, matar pastonmu, ta same ni da rana tsaka, ta zo da kwanon kunu. Ta ce, "'Yata, tashi mu yi addu'a."

Na ce, "Mama, ba ni da abin faɗa masa. In na buɗe baki faɗa zan yi."

Ta ce, "To zo ki yi faɗan a gabansa. Ya fi ki yi shi a benci."

Ta ja hannuna har cikin ɗakin. Inna na zaune, maigidana da Yaya Tabita na tsaye a bakin ƙofa. Na wuce su duka. Na durƙusa, na kama ƙafar ɗana, zafi kamar garwashi. Addu'ar da na yi babu kyau a cikinta, ba irin ta littafin waƙoƙi ba ce. Na ce:

"Yesu, ni ce. Fushi nake yi da Kai, Ka sani. Wannan ɗana ne, ni na haife shi, ba na jin kunyarsa. Sunansa Dauda. Ka ji? Dauda! Na yi shiru a kan ruwa, ba zan yi shiru a nan ba. Kai ne Ka ba ni shi. In Ka ga dama Ka bar mini shi. Ba ni da wani wurin zuwa, da na je."

Daga nan kuka ya ci ƙarfina. Na kifa fuskata a kan katifa ina ta kiran sunan, ina kiran na Yesu, har ban san wanne nake faɗa ba. Wata ma'aikaciya ta leƙo za ta ce mu rage murya, Mama pasto ta ɗaga mata hannu ta koma. Sai na ji wani hannu mai kaushi a bayana. Inna ce. Ta sauka daga kujerar ta zauna a ƙasa, ta ce, "Amin. Hau ki zauna."

Ba a take ya tashi ba, ba zan ƙara gishiri a gaban Allah ba. Amma tun daga lokacin wani abu ya sauka daga ƙirjina, na iya zama in jira. Kafin la'asar gumi ya keto masa, har filo ya jiƙe. Lokotoro ya zo ya saurari ƙirjinsa, ya sake saurara, ya ce numfashin ya fara sauka. Wannan karon ni yake kallo.

Da gari ya waye ina goge masa fuska sai ya buɗe ido. Ya dube ni, ya dubi robar da ke hancinsa, ya ɓata rai ya ce, "Mama, fari-masa."

Haleluya! Yaron da kogi ya haɗiye yana neman soyayyen fulawa! Maigidana ya fita da gudu babu takalmi yana neman mai suya.

Yau ga shi can a ajin yara, ina jin muryarsa daga nan, tabbas yana ƙwace wa wani yaro abu. Lokotoro ya ce huhunsa tas. Na gode wa Yesu wanda ya kai hannun dattijon nan inda ido ba ya gani. Mun je har gidan dattijon mun gaishe shi, Allah ya saka masa, ya tsare masa nasa 'ya'yan. Na gode wa Yesu wanda ya tsaya da masu magani. Na gode masa da bai kore ni ba ranar da na zo masa da tsawa.

Iyayena mata, ina girmama ku, amma ku ji ni. Ladabin da za a yabe ni a kansa in binne ɗana, ba na so. Ku bar 'ya'yanku mata su riƙe abin da suka haifa. Ke kuma 'yar'uwa da kike zaune da zuciya cike, kin daina addu'a don kina ganin sai kin huce tukuna, kada ki jira. Kai masa a yadda take. Ni haka na kai masa tawa, kuma ya karɓa. Ku dogara gare shi.

Saura abu ɗaya, kuma ina roƙon addu'arku a kansa. Na yafe wa Inna. Maigidana ma muna kan hanya. Amma Yaya Tabita, tun daga ranar ban ce mata ko sannu ba. Ta zo gidana na shige ɗaki. An gaya mini ba ta cin abinci sosai. Tana cikin majami'ar nan yanzu, ban waiwaya ba amma na san inda take zaune. Wanda ya fito da ɗana daga ƙarƙashin ruwa ba zai kasa da zuciyata ba.

Yaya, in an tashi kada ki tafi. Ki jira ni a bakin ƙofa.

Yabo ya tabbata ga sunan Yesu. Amin.