Da Harshe Nake Gane Magani

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya bar ƙafafun nan biyu suna ɗauke da ni har yau.

Ni ba mai magana ba ne. Sau uku Fasto yana cewa in tashi in ba da shaida, ina cewa sai wata Lahadi. Yau matata Rahila ta ce in ban tashi ba ita za ta tashi, kuma ba za ta rage kome ba. Shi ya sa na tashi.

Sunana Arzika, mutumin Kore Mairuwa. Da yawanku kun san ni da Likita. Ban taɓa zama likita ba. Ko ƙofar lakwal, makarantar boko, ban taɓa shiga ba.

Zamanin Turawa na yi aikin dole a hanya, ina fasa dutse. Mun tafi da yawa daga garinmu, kaɗan suka dawo. Daga nan wani likita Bature ya ɗauke ni ina ɗaukar masa akwatin magani in zai fita rangadi. Ni ke dafa allura, ni ke riƙe ƙafar mai gyambo. Yakan ce in miƙo masa magani kaza, ni kuwa ba na karatu, ƙwayoyin duka farare ne. Na sha zagi. Sai na koyi lasa. Kinin, maganin zazzaɓi, ɗacinsa yana wuni a maƙogwaro. Na ciwon kai tsami gare shi. Na gyambo kamar alli yake. In na taɓa ƙwaya da harshe, na san ta.

Da aka samu mulkin kai Baturen ya koma ƙasarsu. Ni kuma na sayi faranti na jera magani, ina bin kasuwanni: tamu, ta Dumega, wani lokaci har Matankari. Mutane suna son ganin lasar nan. Tsohuwa za ta kwance bakin zane ta fito da ƙwayar da ɗanta ya aiko daga cin rani, ta ce, "Likita, lasa mini wagga, ta mi ce?" In lasa, in tofar, in faɗa mata. Mahauta su yi ihu, "Harshen Arzika ya fi takardar Bature!" Ina jin daɗi. Ba zan ɓoye muku ba.

Wata kasuwa wani falke daga hayin iyaka ya kawo mini ƙananan ƙwayoyi cikin gwangwani, babu takarda a jiki. Ya ce maganin gajiya ne. Na lasa. Ɗaci ne, amma ba irin wanda na sani ba. Mutane suna tsaye suna jira in faɗi sunanta, ni kuwa ban saba cewa ban sani ba. Sai na karya rabi na haɗiye, na ce gobe za su ji.

Lokacin noman farko ne. Ran nan na bar kasuwa na shiga gona da hantsi, ban ajiye hauya ba sai da rana ta yi ja. Ban sha fura ba, ban nemi inuwa ba. Ciwon bayana, wanda dutse ya lalata, ya yi shiru. Tun ina saurayi ban ji jikina haka ba.

Washegari na kasa tashi, sai da na haɗiye guda.

Haka ta fara. Daga guda zuwa biyu, daga biyu zuwa yadda hannu ya ɗebo. Na sayar wa ƴan ƙwadago, na sayar wa magidanta, muka sa mata suna ƙwayar noma. Abinci ya fita raina. Wandona sai da na ƙara masa igiya. Barci ya ƙaura. In akuya ta yi kuka sai in ji kamar ni take zagi. Rahila ta riga ni bin Yesu, ta nan Dogon Dutsi ta ji bishara wurin ƴar'uwarta. In ta yi mini magana sai in ce ta je ta gaya wa Yesun nata. Sau biyu na ɗaga mata hannu. Ga ta nan zaune, ta sani.

Ana cikin haka gwamnati ta ce duk mai sayar da magani sai yana da takardar izini. Jandarma suka fara kwashe farantai a kasuwa. Na ce wannan ba wuya, ni da na yi shekaru da Bature. Na sa rigata mai kyau, na hau mota zuwa Doso.

Aka nuna mini ofishin mai kula da magunguna. Na zaci zan tarar da tsoho. Sai ga mutum wanda ƙanena ya girme shi, da farar riga, bai daɗe da dawowa daga karatu ba. Ya ba ni kujera.

Na kira shi yadda ake kiran ma'aikaci da Faransanci, na ce, "Mushe, takardar farmasi na zo karɓa."

Ya ce, "Baba, wace lakwal ka yi?"

"Ta dutse."

Bai yi dariya ba. Ya ce wanda ake kira mai farmasi sai ya gama ƙaramar lakwal, ya gama babba, ya ci jarrabawarta, sannan ya tafi jami'a a ƙasar waje ya yi shekaru yana koyon abin da ke cikin kowace ƙwaya da abin da take yi wa hanta da zuciya. In ya ci, ya yi rantsuwa gaban malamansa. Bayan haka ne Yamai za ta ba shi izini.

Na ce, "To ni ba babba nake so ba. Ƙarama, ta faranti."

Ya ce babu ta faranti. Akwai ta ƙaramin ɗakin ajiye magani a ƙauye. Ita ma sai mutum ya iya karatu da rubutu da Faransanci, ya zauna ƙarƙashin mai farmasi ya koya, ya samu ɗaki mai rufi da makulli, ya kawo takardar kotu cewa ba a taɓa ɗaure shi ba, da ta likita cewa lafiyarsa lau.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Duk wannan don a gane ƙwaya? Kawo kowace iri ka ga."

Ya buɗe kabad ya ajiye mini uku bisa tebur, duka farare. Na lasa ta fari na ce kinin. Ya ce haka ne. Ta biyu na ce ta ciwon kai. Ya ce haka ne. Na lasa ta uku, ƴar ƙarama, ban ji kome ba sai ɗan zaƙi-zaƙi. Na ce, "Wagga ba magani ba ce, Mushe, gwada ni kake yi."

Ya ce, "Ta zuciya ce. In ka ba jariri ita kamar yadda kake ba da kinin, kafin la'asar an yi jana'iza. Harshenka ya gaya maka haka?"



Ban lura ba, ashe hannuna yake kallo, yana rawa bisa tebur. Ya duba idanuna. Ya rage murya ya ce, "Baba, nawa kake sha a yini?"

Ban gaya wa kowa a Doso ina shan ƙwaya ba. Na ce ban san abin da yake faɗi ba. Ya ce ya san ƙwayar, ba ta ƙara wa mutum ƙarfi, nasa na gobe take ciyowa ta ba shi yau, ran da ya ƙare zuciya ta tsaya. Ya ce in daina sha, in daina sayarwa. Na tashi na fita ko sallama ban yi ba. A tasha na haɗiye biyu.

Da ma a ce nan na tuba. Ban tuba ba. Na bar faranti saboda jandarma, na koma sayarwa a zaure.

Ina da aboki, Gado. Tare muka fasa dutse, shi ya goye ni ran da ƙafata ta kumbura a hanya. Ƴaƴansa maza sun tafi cin rani ba su dawo ba, gona ta fi ƙarfinsa. Ya zo ya ce, "Likita, ba ni abin nan naka, ciyawa za ta ci mini hatsi." Na ba shi. Na san abin da aka gaya mini a Doso, na ba shi.

Kwana shida yana noma kamar saurayi. Ran na bakwai da azahar aka tarar da shi kife tsakanin kunyoyin gonarsa, hauya tana hannunsa.

Bayan an watse daga zaman makoki matarsa ta zo gidana. Na ce yau za a tona ni. Sai ta durƙusa ta gaishe ni, ta kwance wani tsumma, ta ce, "Ga sauran maganin abokinka, Likita. Na ce kada ya lalace, wani ya amfana. Allah shi saka maka, ka taimake shi."

Ƴan'uwa, godiya ta yi mini!

Kun san abin da na yi da sauran? Na shanye. A ranar.

Bayan wannan ban san yadda kwanaki suka wuce ba. In na sha, Gado nake gani a kunya. In ban sha ba, ko buta ba na iya ɗagawa. Na gaji. Na ga yunwa, na ga bulala, na binne mutane da hannuna a gefen hanya, amma irin wannan gajiya ban taɓa yi ba. Ba na son mutuwa, ba na son rai.

Lokacin maimai ya zo. Wata safiya na kai bakin gona na zauna gindin kalgo, ƙafa ta ƙi. Zuciyata tana bugu kamar ana daka. Na ce to, tawa ta zo. Rahila ta kawo fura ta same ni haka. Ta ajiye ƙwarya ta juya da gudu. Ta dawo da Baba Tankari, dattijon da masu bi na garinmu suke taruwa a zaurensa. Ya rasu bara, kun san shi, ba ya lallashi.

Ya tsaya kaina ya ce, "Arzika, kai ne likitan?"

Na ce, "Ni ne."

"To yi wa kanka magani mu gani."

Na ce, "Baba, ni na kashe Gado."

Ya ce, "Na sani. Rahila ta daɗe tana kuka da kai gaban Ubangiji. Yanzu mi ka ke so?"

Na ce ban iya addu'a ba. Ya ce in faɗi abin da ke bakina, Yesu yana jin Hausa. Suka durƙusa cikin rairayi, rana tana dukanmu. Na buɗe baki na ce, "Yesu, na gaji. Ban san kome ba. Ka karɓe ni, ko ka kashe ni."

Iyakar addu'ata ke nan.

Ban ga haske ba, ban ji murya ba. Kuka ya zo mini, wanda ban yi ba ko ran da uwata ta mutu. Da ya tsaya, na sa hannu aljihu na miƙa wa Baba Tankari abin da ke ciki. Na gaya wa Rahila inda na ɓoye gwangwanin a rumbu. Suka zuba duka a masai, har da sauran kayan faranti. Haleluya!

Kada wani ya ce muku da sauƙi. Na yi kwanaki kwance kamar buhu. Na zagi Rahila, na roƙe ta, na ce rabi kawai. Na rarrafa har bakin masai na leƙa. Ta zauna a ƙofa tana waƙar sujada, ba ta ko kalle ni ba. Masu bi ba su da yawa a garinmu, amma suka yi mini gayya suka gama maimai, har da wanda na taɓa kora daga ƙofata da sanda. Ran da na ji yunwa na ce a ba ni tuwo, Rahila ta yi guɗa sai da maƙwabta suka leƙo.

Da na iya tafiya na je wurin matar Gado na gaya mata gaskiya. Ta rufe fuska da zane ta shiga ɗaki. Har yau ba ta amsa gaisuwata. Tana da gaskiya. Ina noma mata gonar kowace shekara, ba ta hana ba, ba ta gode ba.

Takarda ban samu ba, ba zan samu ba. Ɗakin magani da aka buɗe yanzu, wanda ke ciki ya yi karatunsa, yana duba rubutu kafin ya ba mutum. In aka zo ƙofata da ƙwaya a bakin zane, ina cewa ban sani ba, a tafi can. Shekaruna sun haura hamsin kafin bakina ya iya faɗin haka.

Damina huɗu ke nan ban sha ba. Amma zan gaya muku, duk ran da aka yi ruwan shuka na ji ƙamshin ƙasa, jikina yana tambaya. Bayana yana ciwo, gona biyu ke kaina, ina noma kunya ɗaya in huta. Hatsina bai kai na da ba. Muna ci, yana kai mu.

Na gode wa Yesu da ya karɓi mai jini a hannu. Na gode wa matar nan, Rahila. In akwai wanda ke zaune nan da abu a aljihu, kada ka jira sai ka iya addu'a. Gaya wa Yesu ka gaji, zai ji. Ka dogara gare shi.

Ga hadari yana haɗuwa, ciyawa za ta taso. Ku riƙa sa ni cikin addu'a.

Amin.