Riga Biyu a Ɗakin Jira

A ɗakin jira na mai ba gwamnati shawara kan haƙƙin jama'a, wata malamar makaranta ta dubi dattijon da ke gumi kusa da ita.

"Baba, riga biyu a zafin nan?"

"Mai ofishin nan ne ya koya mana, lokacin da muke zanga-zanga tare. In ka kwana a hannun 'yan sanda, ɗaya ta zama matashin kai. Yau gaskiya na zo faɗa masa."

"Ni ƙanena aka tsare, an ƙi kai shi kotu. Da can, kafin a rufe mutum, mai ofishin nan ya iso da 'yan jarida."

"Har yanzu yana yawo da su, 'yata, in za a buɗe sabon gini."

Sai sakatare ya leƙo, ya ce maigida ya fita ta ƙofar baya, a dawo gobe. Ke nan ƙanen malamar zai sake kwana a kulle.

Dattijon ya miƙe yana dariya. "Dabararmu ta zille wa 'yan sanda ce, yau mu ake yi wa. Tashi, 'yata. Dole ya zagayo wurin motarsa, a can za mu tare shi."