Shirun da Na Yi a Ƙofar Ɗakin Haihuwa

Matan zumunta, ina gaishe ku da sunan Yesu Almasihu. Sunana Saratu, daga wani ƙauye kusa da Kornaka. Maman fasto ta ce in tashi in ba da shaida. Na ce mata tawa ba ta da daɗin ji, ta ce in faɗa haka nan.

Cikina na fari, naƙuda ta kama ni da hantsi muna sussukar hatsi. Mijina Ayuba ya ɗaura amalanke, shi da Innata suka nufi likita, ƙaramin asibitin yankinmu, da ni. A hanya Inna tana ta ja mini kunne: "Haihuwar fari ce, Saratu. Kada in ji bakinki. Gidanmu ba a raki." Kun san haka aka tashe mu duka. Na cije bakin zanena.

Muka iske sajfam, unguwarzomar likitar, tana cin abinci, waya a kunne. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Wannan ce mai naƙudar? Mai naƙuda ba ta zama tsit haka. Ku hita waje, in ta fara kuwwa ku kira ni." Ko hannu ba ta ɗora mini ba.

Muka zauna gindin dogon yaro. Da rana ta take, Inna ta koma ta ce, "Madam, yarinyar nan daurewa kawai take." Ta ce, "Tsohuwa, ke za ki koya mini aikina?"

Wajen la'asar, ɗan da ke ta shure-shure a cikina tun safe na ji ya daina. Nan na saki zanen na kwarma ihu. Suka shigar da ni, abin da sajfam ta fara yi mini shi ne mari a cinya. "Rufe mana baki! Ranar da kika ɗauko shi ni kika kira?"

Ya fito namiji, gashi cike da kai. Bai yi kuka ba.

Sai jini ya ɓalle mini. Aka nemi motar likita, aka ce ta lalace tun damina. Ina kwance ina jin sanyi yana hawowa daga ƙafa, na ce, "Yesu, ka ɗauki ɗan, ni ma ɗauke ni." Inna kuwa ta zube a ƙasa tana kuka da ƙarfi: "Ubangiji, kada ka haɗa mini biyu!" Addu'arta ya ji, ba tawa ba. Jinin ya tsagaita, wata motar 'yan kasuwa ta kawo ni nan Dakoro da sauran numfashi.

Ba zan ce muku na warke ba. Jiki ya warke, zuciya har yau tana ƙuna, kuma haushi bai bar ni ba. Ran kasuwa na gamu da sajfam ɗin nan, ta gaishe ni da fara'a, ba ta ma gane ni ba.

Na gode wa Yesu da ya bar ni da rai. Ku riƙe shi da kyau, 'yan'uwa, ni dai ban ga wani abin riƙo ba. Ku kuma sa ni a addu'a. Ina da wani cikin, likitar da matar take aiki ce kaɗai kusa da mu, kuma kaka mai zuwa hannunta zan koma.