Wa Ya Ce Musu Azumi?

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban taro, manyan likitocinmu, malaman jami'a da suka tsara wannan bincike, abokan aikina na ɗakin gwaji, iyayena da yayyena da aka ɗebi jininsu, ina gaishe ku gaisuwar girma. Na gode da aka ba ni abin magana, ko da yake na san godiya aka tashe ni in yi, ba ƙorafi ba. Ku yi haƙuri, abin ya kai ni maƙura.

Shekarata ashirin da biyu ina ɗibar jini. A wannan bincike na ciwon suga, hannu ɗari huɗu na ɗaure da roba na soka wa allura. Yanzu kun ji ana tafi, wai an gano mutum sittin da uku masu suga da ba su san suna da shi ba. To, ni ban tafa ba, kuma ga dalilaina.

Na farko, kalma ɗaya. Ka'idar gwajin ita ce mutum ya kwana bai ci komai ba, awa takwas, amma ya sha ruwa son ransa. Da aka zo juya takardar ka'idar zuwa Hausa, sai wani mai ilmi ya rubuta: “A zo da azumi.” Haba jama'a! Wane Bahaushe za ka ce wa ya yi azumi ya ƙi tashi sahur? Tun ina lalubar jijiya da kyar, saboda mutane sun ƙi ko kurɓar ruwa, jikina ya ba ni akwai matsala. Ran nan na tambayi wani dattijo, direban motar makaranta, na ce, “Baba, yaushe rabonka da abinci?” Ya ce, “'Yata, ƙarfe biyar. Uwargida ta cika min kwano, na bi da shayi mai kauri, don kada in faɗi a layi.” Ƙarfe shida da rabi na ɗebi jininsa. Ku gaya min don Allah, cuta muka auna ko shayi?

Na je ofis na faɗa. Aka ce min, “Ke dai ki ɗebi jini, lissafi namu ne.” Na koma, aka ce ana mitin. Na rubuta takarda, na tarar da ita an ɗora mata kofi.

Na biyu, sau ɗaya tak muka auna kowa. Sau ɗaya! Telan da ke ɗinka min kaya sai ya gwada ni sau biyu kafin ya sa almakashi, mu kuwa da ran mutum a hannunmu mun ce ba lokaci.

Na uku, kuma shi ya fi ci min rai: amana. Mun sa mutane sun dangwala yatsa a takardar da ta ce ba mai ganin sakamakonsu sai su. To, yaya aka yi sakamakon Baba direba ya riga shi isa teburin mai makaranta? Wata uku ke nan da aka karɓe makullin motarsa, wai kada ya sume da yaran mutane. An ɗora shi kan ƙwayar rage suga, yanzu ne ma jiri ke ɗibarsa, shi da bai taɓa sanin jiri ba. Ya zo min yana cewa, “'Yata, ni da na zo taimakon ilmi?” Wallahi na rasa inda zan sa fuskata, kunya ta kama ni, kuma har yau ba ta sake ni ba.

Ban ce sittin da ukun nan duk lafiyarsu lau ba. Cewa na yi ba mu sani ba, kuma wanda bai sani ba, ba ya buga littafi. Saboda haka ina roƙo, mai girma shugaba: a dakatar da rahoton nan, a gyara kalmar nan, a kira mutanen nan ɗaya bayan ɗaya a sake auna su, likita ya duba wa ya dace da magani, wa za a raba da shi. A kuma ba su haƙuri da baki, ba da takarda ba.

Baba yana bakin ƙofa a kan benci. Jiya da kaina na yi masa bayani da Hausar da yake ji, kuma tun ƙarfe tara na dare ruwa kawai ya sha. Ina so babban likita ya taso ya tsaya a kaina in auna shi, in ya fita lafiya ya sa hannu a takardar da za ta mayar masa da makullinsa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya tsare masu lafiya daga kuskurenmu, Ya mai da kowa gidansa lami lafiya. Na so in ƙara, amma an yi jawabi biyar kafin nawa, ga shi sha ɗaya ta gota, kuma dattijon nan bai karya ba. Likita, bisimilla. Na gode.