Tarihi ya lalace

A rumfar mai gyaran kwamfuta a Kara-Kara, Raudatu tela tana zaman jira, ga wani dattijo a gefenta rungume da tasa.

"'Yata, me ya sami taki?"

"Tarihinta ne ya lalace, Baba. Shafin da na ga ɗinkin amarya ya ɓace mini, ga biki jibi."

"Tarihi kuma? Ai maroƙi za ki nema, ya jero miki tun daga kakanni."

"Ba wannan ba. Duk inda mutum ya shiga a intanet, tana riƙewa."

"Har kokowar da mutum ya kalla, Hajiya na zaton wa'azi yake saurare?"

"Har ita."

Bawan Allah ya gyara zama, ya rage murya.

"To don Allah, yaya kika yi naki ya lalace?"